Ka yi hatsari da mota ba inshora a Maraɗi: abin da ke gabanka da yadda za ka bi shi

Direban da ya buge mutum da mota mai inshora yana da mai tsaya masa a kan kuɗi: kamfani ne zai biya magani da diyya, shi kuma ya fuskanci hukuma da laifin tuƙinsa kaɗai. Wanda ba shi da ita, dukan nauyin a kansa yake sauka, daga nan ya gangara kan mai motar, sau da yawa har kan mahaifin direban. A Nijar yanka inshora ba zaɓi ba ne. Muna cikin ƙasashen da ke aiki da kundin inshora na CIMA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar inshora ɗaya), wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995, kuma aya ta 200 a cikinsa ta wajabta wa duk abin hawa mai inji inshorar ɓarnar da zai yi wa wani. Mota, babur, adaidaita, duk hukuncinsu ɗaya.

Tun yanzu ka riƙe abu guda, don a kansa iyalai da yawa ke ruɗewa. Hatsari ɗaya magana biyu yake haifarwa. Akwai ta hukuma, wadda mai gabatar da ƙara ke riƙe da ita, akwai kuma ta wanda aka ji wa ciwo ko magadansa, wato maganar kuɗi. "Mun yafe" tana iya kashe ta biyun. Ba ta kashe ta farkon.

Da farko, a wurin da abin ya faru

Tsaya. Kashe mota, ka fito ka duba wanda ka buge. Kira 18 don ƴan kwana-kwana su ɗauke shi, kira 17 don ƴan sanda. In abin ya faru bayan gari ne, a ce kan hanyar Ɗan Isa ko ta Cadawa ko ta Gidan Rumji, jandarma ne za su zo. Mutumin da ke kukan wuya ko baya, ko wanda ya suma, kada a cicciɓe shi a aza bisa babur don sauri. A tsare masa hanya, a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta har masu ɗauka su iso.

Gudu shi ne babban abin da ke mayar da ƙaramar magana babba. Tsere wa wurin hatsari laifi ne mai zaman kansa, barin mutum cikin haɗari ba ka taimake shi ba shi ma laifi ne, kuma a gari kamar namu ba a rasa mai shayi ko ɗan kabu-kabun da ya riƙe lambar mota. In taro ya yi zafi, ka ga ana neman taɓa lafiyarka, to bar wurin, amma ka nufi komsariya ko ofishin jandarma mafi kusa kai tsaye, ka ce ga abin da ya faru, ga inda ya faru. Wanda ya kai kansa cikin minti goma da wanda aka zaƙulo a gidan kawunsa bayan kwana biyu, ba kallo ɗaya alƙali ke yi musu ba.

Kada a gusar da motar kafin a yi konsta, wato jami'ai su duba wurin su rubuta yadda hatsarin ya faru, sai dai in ta toshe hanya har za ta jawo wani hatsarin. Ɗauki hotuna da wayarka: inda mota ta tsaya, sawun birki a kan kwalta, inda babur ya faɗi, ramin da ka kauce wa in akwai. Karɓi lambar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu.

Wata dabara da ake yi a nan ita ce a sauya direba. Yaro ba shi da parmi, sai yayansa mai parmi ya iso a guje ya ce shi ke tuƙi. Kada ku fara. Shaidu sun ga wanda ya fito daga bayan sitiyari, kuma ranar da maganar ta tonu mutum biyu ne cikin laifi a maimakon ɗaya.

Na biyu, a tabbatar ko da gaske ba inshorar

Kafin kowa ya ce "ba mu da ita" ko "muna da ita", a zauna da takardun. Ɗan katin da ke manne a gilashin gaba da takardar shaidar da ke cikin aljihun mota duka suna ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Rana ce ke dafa katin nan har rubutun ya koɗe, shi ya sa mutum ke yawo wata biyu yana zaton yana da inshora alhali ta watanni uku ya yanka, ta daɗe da mutuwa. Ranar hatsari da sa'arsa za a gwada da abin da ke rubuce, ba wani abu ba.

Akwai hali uku da mutane ba su cika sani ba. Na ɗaya, motar da aka saya hannu. Inshorar tsohon mai ita ba ta bin motar har ƙarshen wa'adinta: kundin CIMA ya ce tana tsayawa daga kwana na biyar bayan an sayar. Saurayin da ya sayi mota wata ɗaya da ya wuce, yana taƙama da katin Alhajin da ya sayar masa, a idon doka ba shi da komai. Na biyu, takardar da ba a biya kuɗinta ba, ko wadda wani ɗan tsakani ya buga a bakin tasha ya cinye kuɗin. Inshora ba ta fara aiki sai an biya, saboda haka a je ofishin kamfanin da sunansa ke kan takardar, a ba su lambar, su duba ko tana cikin rajistarsu.

Na uku shi ne wanda ke da ɗan sauƙi. Motar baba ce, inshorarta da rai, amma yaron da ya ɗauke ta ba shi da parmi. A nan kamfani ba ya iya hana wanda aka buge haƙƙinsa da hujjar rashin parmi. Zai biya shi, daga baya ya juyo kan mai laifin ya nemi kuɗinsa. Bashin bai ɓace ba, mai binsa ne ya sauya. In halinku ke nan, a sanar da kamfani a rubuce cikin kwana biyar na aiki, kuma kada a ƙulla wani sulhun kuɗi ba da saninsa ba, don ba dole ne ya amince da abin da aka yanke bayan idonsa ba.

Za a samu mai cewa ya san wanda zai yanko muku sabuwar takarda da kwanan watan baya. Wannan jabun takarda ne da damfarar kamfani, laifin da ya fi rashin inshorar nauyi nesa ba kusa ba, kuma rajistar kamfani tana nuna ranar da kuɗi ya shiga.

Na uku, komsariya

In akwai rauni mai tsanani ko rasa rai, ka sa a ranka za a tsare ka. Tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Wani lokaci tsarewar ma kariya ce gare ka har zukata su huce. Kana da damar neman lauya, ka kuma sa a sanar da gida. Motar za ta tafi furiyar, inda hukuma ke ajiye motocin da ta kama, kuɗin ajiya na hawa kowace rana.

Abin da za a rubuta daga bakinka shi ne ƙashin bayan shari'ar duka. Da Faransanci ake rubuta shi, kai kuwa da Hausa ka yi bayani. Kada ka sa hannu sai an karanta maka, in ba ka jin Faransanci sosai a fassara maka jimla bayan jimla. "Ina tafe sai ya fito daga lungu" da "ban lura da shi ba" ba abu ɗaya ba ne a gaban alƙali. In an rubuta abin da ba ka faɗa ba, cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, nan ba haka na ce ba," a gyara. Faɗi gaskiya a kan takardu tun tashin farko. Gudun da ba ka tabbatar ba kada ka ƙirƙiro masa lamba, kada kuma ka ɗauki laifin da ba ka san naka ba ne don kawai a sallame ka da wuri.

Na huɗu, asibiti

Wannan aikin na gida ne, tunda kai kana tsare. A ranar, ba washegari ba, wani babba daga gidanku ya je inda aka kwantar da mutumin, ko babban asibitin jiha ne ko asibitin Referans. Ya gaishe su, ya jajanta, ya karɓi ordonans ya sayo magani. Ba wurin gardamar wa ke da laifi ba ne. Iyalin da suka ga an tsaya musu tun daren farko da wuya su zama masu zafi a kotu, waɗanda aka bari su sayar da akuya don kuɗin hoton ƙashi kuwa ba sa mantawa.

Kowace dala da ta fita, a riƙe rasit ɗinta. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta rana, abin da aka biya, da wanda ya karɓa. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu, a yi shi gaban shaida, ko a tura ta hanyar da ke barin shaida a waya. Ranar lissafi za a cire wannan daga abin da ake bin ku, amma sai wanda aka iya nunawa.

Likita zai ba da takarda mai faɗin kwana nawa raunin zai hana mutumin aiki. Yawan kwanakin nan ne ke nuna ko laifin ƙarami ne ko babba a wurin hukuma. A nan ma mutanenmu na da wata al'ada mai jawo rikici: a sace mai karaya daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori don sauƙin kuɗi. In iyalinsa ne suka zaɓi haka, nasu ne. Amma kada shawarar ta fito daga bakinku, don in ƙafa ta ɗoru a karkace ku za a nuna.

Na biyar, gaban mai gabatar da ƙara

Daga komsariya takardu za su tafi babbar kotun Maraɗi, sau da yawa tare da kai. Abin da za a iya tuhumarka da shi: tuƙi ba inshora, tuƙi ba parmi in ba ka da shi, jikkata mutum ba da niyya ba, ko kisa ba da niyya ba. "Ba da niyya ba" ba ta wanke mutum. Doka na hukunta ganganci, sakaci, rashin lura da karya ƙa'idar hanya, hukuncin kuma tara ne ko ɗauri ko duka biyun, ana iya haɗawa da karɓe parmi. Maye, ko na giya ko na ƙwaya, yana ƙara wa laifin nauyi.

Mai gabatar da ƙara na iya ajiye maganar, ko ya sake ka ya ba ka ranar zuwa kotu, ko ya tura ka gidan kaso ka jira shari'a. Abin da ke sa a sassauta sananne ne: ka tsaya a wurin, ba ka taɓa laifi ba, kana da mazauni da sana'a ko makaranta, an kula da wanda aka ji wa ciwo. A zo da shaidar duk wannan a takarda, katin makaranta, takardar wurin aiki, rasit ɗin asibiti. Mai laifin farko yakan samu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, wanda ba a zaman kaso sai in ya sake. Sai dai hukuncin kotu na iya shiga takardar kaziye, wato takardar da ke nuna hukuncin da kotu ta taɓa yanke wa mutum, wadda ake nema wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati ko aikin soja. Ga ɗan shekara ashirin, wannan kan fi tarar ciwo, don haka a tambayi lauya tun kafin zama ko akwai abin da za a roƙi alƙali a kai.

Wanda bai kai 18 ba, alƙalin yara ne ke duba maganarsa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar agajin shari'a da aka kafa a 2011, tana da wakilci a manyan kotuna. Ƴan kai-komo da ke tsaye bakin kotu suna cewa sun san alƙali, a bar su da saninsu.

Na shida, wa zai biya, kuma me za a biya

Hujjar da kowane direba ke fara kawowa ita ce "shi ya faɗo mini". A maganar hukuma tana iya amfani. A maganar diyyar rauni kuwa kundin CIMA ya kusa rufe wannan ƙofar: mai tafiya a ƙasa, ko fasinja, ko yaron da ya tsallaka titi a guje, ana biyansa raunin jikinsa ba tare da an ɗora masa kuskurensa ba, sai in da gangan ya nemi abin ya same shi. Direba ba ya iya fakewa da cewa ƙaddara ce ko wani ne ya jawo. Inda ake raba laifi shi ne tsakanin masu tuƙi biyu: in ɗan kabu-kabu ne ya shigo ta hannun da ba nasa ba, kuskurensa na iya rage abin da za a ba shi ko ya hana shi baki ɗaya. Shi ya sa konsta da hotunan nan ke da daraja. Abokanka da ke cikin motar, su ma in sun ji ciwo suna da haƙƙi a kanka.

Abin da ake lissafawa ya haɗa da kuɗin magani, kwanakin da mutum ya yi ba ya aiki, naƙasar da ta zauna masa bisa awon likita, wahalar da ya sha, da gyaran abin hawansa. In an rasa rai, akwai kuɗin jana'iza, da asarar da matansa da ƴaƴansa suka yi na mai ciyar da su, da diyyar raɗaɗin rashi ga makusanta. Ba da ka ake yankewa ba, akwai ma'auni, kuma ga wanda ba shi da takardar albashi, kamar yawancin ƴan kasuwa da manomanmu, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake aunawa, wanda ya koma jaka 42 a wata daga 2024. Magidanci mai mata biyu da ƙananan yara, lissafinsa miliyoyi yake kaiwa.

Ba direba kaɗai ake bi ba. Aya ta 1384 ta kundin dokar farar hula ta ɗora wa mutum alhakin abin da ke ƙarƙashin kulawarsa, ta ɗora wa ubangida ɓarnar yaronsa a bakin aiki, ta ɗora wa uba ɓarnar ɗansa da bai balaga a doka ba in yana zaune gidansa. Balagar wannan kundin kuwa shekara 21 ce. Ke nan ɗan shekara 19 babba ne a gaban alƙalin laifi, amma ana iya kiran mahaifinsa a kan kuɗi. Alhajin da ya miƙa wa yaron shagonsa makulli ya ce a kai kaya Tibiri, da motar da ya san inshorarta ta mutu, shi ma yana ciki dumu-dumu. A ganina ma laifinsa ya fi na yaron, don shi ya san halin takardun.

Na bakwai, zaman sulhu

Yawancin irin wannan magana a zaure take ƙarewa, kuma ba laifi a ciki. Dattawa su je da liman ko mai unguwa, a yi gaisuwa, babban gidan ya ce, "Malam, yaron nan namu ne, naku ne. Abin da Allah ya ƙaddara ya auku, mun zo neman afuwa." A amsa, "Alhaji, ba komai, mun yafe duniya da lahira." A yi fatiha a tashi. Zuciya ta yi sanyi, amma a hukumance ba abin da aka rufe.

Matsalar tana fitowa ne daga baya. Wanda ya ce ya yafe ƙanen mahaifin mamaci ne, matar da aka bari da yara huɗu ba a tambaye ta ba, tana cikin takaba. Ko mai raunin ya yafe yana zaton sati biyu zai miƙe, sai ga shi wata shida yana dogara sanda. Doka ta ba wanda aka cuta shekara biyar daga ranar hatsari ya nemi haƙƙinsa. Rabon marayu kuwa, ko a shari'ar Musulunci ko a ta kotu, ba abin da wani zai yafe da baki a madadinsu ba ne.

Don haka a yi sulhun, amma a rubuta. Takardar ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu da lambar katinsu, ranar hatsari da lambar mota, abin da aka riga aka kashe, abin da ya rage, da yadda za a biya shi. In an shirya a kan jaka ɗari shida, misali, a faɗi nawa za a ba da yau, nawa kowane ƙarshen wata, a hannun wa. A faɗi abin da za a yi in ciwon ya tashi daga baya. In rasuwa ce, wanda zai sa hannu ya zama wakilin da taron dangi ya naɗa a takardar kotu, ba duk wanda ya fi kowa murya a zaure ba. Sarakunan gargajiya na da ikon sasanta rikicin dukiya su rubuta takardar sasantawa, ana kuma iya yin ta gaban notar, jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, ko a kai wa alƙali. Kada a yi gaggawar rufe lissafi kafin likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. Kada kuma ku ɗauki alkawarin da ba ku iya cikawa don kunyar idon dattawa: jaka ashirin da ke zuwa kowane wata ta fi jaka ɗari da aka yi alkawari ba a gani ba.

A kai wa mai gabatar da ƙara kwafin takardar, tare da janye ƙorafi in sun yarda. Ba ta ɗaure masa hannu, yana iya ci gaba da tuhuma, amma tana da nauyi ƙwarai wajen sassauci. Ranar da aka kira ka kotu ka je, ko an yi sulhu. Wanda ya zauna gida yana cewa ai an yafe, a bayan idonsa ake yanke masa hukunci.

Bayan hukunci

In hukuncin bai yi maka ba, kwana goma gare ka ka ɗaukaka ƙara, a ofishin magatakardan kotun. Tara ta hukuma ce, a biya a karɓi rasit. Diyyar da kotu ta yanke kuma aka ƙi biya, wisiye, jami'in da ke zartar da hukuncin kotu, shi ne zai zo da takarda: yana iya kama mota, babur, kayan shago, kuɗin banki ko wani kaso na albashi. Rashin abin hannu a yau ba ya goge bashin, yana jiran ranar da ka samu. Sauya sunan dukiya zuwa na ƙane don a ɓoye ta, ana iya warware shi a kotu. Abin da ya fi shi ne a nemi mai bin bashin ko wisiyen a tsara biya kashi-kashi, a rubuce.

Motar ba ta fita furiyar sai da izinin wanda ya riƙe ta, kuma za a nemi kart giriz, parmi na wanda zai tuƙa ta, da inshora mai rai. Sabuwar da za ku yanka ba ta shafi hatsarin da ya wuce ba, daga ranarta take farawa. A yanke ta a ofishin kamfani ko wurin wakilin da kamfani ya sani, a karɓi rasit, a faɗi ainihin aikin motar, don wadda aka yi wa inshorar hawan gida ana lodin fasinja da ita zuwa Madarunfa rigima ce ke jira. In kana tsallaka iyaka zuwa Jibiya ko Katsina, tambaye su takardar inshorar da ke aiki a can. Ka tuna kuma wannan inshorar ta dole wanda ka buge take biya, ba ta gyara motarka, ba ta biyan raunin direba. Mai son waɗannan sai ya nemi a ƙara masa su daban, da kuɗinsu.